Shayi Kafin Naɗi

Jiya Suwaiba, 'yar ƙanwata, ta miƙo mini waya tana dariya, wai in ga wata yarinya ta naɗa laffaya cikin minti ɗaya. Na kalla. Ta naɗa kam, ba ƙarya. Sai na ce, "To, a ce mata ta sunkuya ta ɗauki tsintsiya mu gani." Suwaiba ta karɓi wayarta. Ku da kuke hawowa ɗakin nan kuna cewa, "Khala Asabe, koya mana a sati ɗaya mu ma mu fara karɓar amare," da ku nake. Ku zauna. Tsoron da nake ji shi ne ku lalata wa wata ranarta, kuma a ce a hannuna kuka koya.

Laffaya ba ta da ɗinki, ba zif, ba maɓalli. Ƙyalle ne dogo, kamu tara a bakinmu, 'yan kanti su ce mita huɗu da rabi. Abin da ke riƙe ta a jikin mace ninki ne da hammata. Bakin farko yana shiga ƙarƙashin hammatar hagu, a zagaya jiki, a hau kai, a jefa jelar a kafaɗar hagu. Hannun hagu shi ne mai gadi, yana manne da jiki, ba ya zuwa ko'ina. Dama ke gaisuwa, dama ke cin abinci. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Na zo Jidda ina yarinya daga Damagaram, riƙe da bakin zanen gwaggota. Gidan da muka sauka a Balad, tsohuwar unguwar garin, shi ne wannan da kuke haki kafin ku ƙare matakalarsa. A hawa na huɗu akwai wata Bashuwa daga Cadi, Hajja Amne, siririya, mai tsinin baki, Allah Ya jiƙanta. Ita ke naɗa wa amaren mutanenmu. Aka kai ni wurinta in riƙa ɗebo ruwa. Na daɗe ina ninki kawai. Daga nan ta ba ni tabarma naɗaɗɗiya, ta jingine ta a bango, ta ce ga amaryata. Ranar da ta yarda in naɗa wa kaina, ta ɗora mini tire mai finjali shida, ta ce in sauka har ƙofar titi in dawo. Na dawo jelar tana jan ƙasa, kaina a buɗe.

"Wannan naɗi ne ko shanya?" in ji ta. "Sake."

Na sake har ƙafafuna suka san kowace matakala da sunanta.

Ita ce ta gaya mini yadda matan da suka zo ƙasar nan da ƙafa suke da ƙyallen nan. Da rana sutura, in rana ta yi tsanani a kafa shi a kan ƙaya ya zama inuwa. Da shi ake goyo, da bakinsa ake tace ruwan rijiya, wadda kuma kwananta ya ƙare a hanya a rufe ta da shi. Kowace ƙasa da yadda take yafawa. Matan Sudan suna sakinta sako-sako, kullum hannu na gyara ta a kai, kuma wannan gyaran shi ne adon. Na Muritaniya suna ƙulla ta a kafaɗu biyu tukuna kafin su zagaya. Namu na Barno da Cadi muna ɗaure ta tamau don mu masu aiki ne. Ko alhazai maza da ke saukowa da harami, dubi yadda baƙo ke fama da nasa, yana tafe yana kamawa. Kwanaki Suwaiba ta nuna mini hoton wani mutumin dutse, wai na mutanen Rum na zamanin da, ya yafa wani babban mayafi, sunansa toga. Na duba sosai. Duk nauyin ƙyallen a hannun hagu yake, ya tanƙwara shi kamar mai ciwo, daman kuma ya ɗaga yana wa mutane jawabi. Na ce wannan bawan Allah ba shi ya naɗa wa kansa ba, akwai irinmu a gidansa, sai dai ba a sassaƙa ta ba.

Kayan aikina ga su nan kuna gani: dutsen guga, kwanon sitaci, kasko, da kejin kara da ake kifawa a kan turaren wuta a shimfiɗa ƙyalle ya sha hayaƙi. Sai ƙwallon dabino a gwangwani. In ana son ƙulli mai ƙarfi a ƙyalle mara ƙwari, a lulluɓe ƙwallon a ɗaure wuyansa da zare, ya zama maɓalli ba tare da an huda komai ba. Fil ba ya shiga ɗakina. Ku kuna ce masa dabbus, ni ina ce masa ɓarawo. Sitaci kuma ba irin na Kano ake sawa ba. Laimar teku tana cinye shi kafin amarya ta isa mota, in kuma kika cika shi don gudun haka, ta shiga sanyin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ta tsaya ƙiƙam kamar kwali.

Amma babban kayan aiki, a wurin Hajja Amne, shayi ne. Duk wadda ta hau don naɗi, komai gaggawarta, sai ta sha. Kuma ba a miƙa mata a hannu. A ajiye finjalin a tsakiyar tire, a koma gefe kamar ana neman zare. Daga yadda ta zauna za ki san ko mai rawar jiki ce, ko mai nauyin ƙugu, ko akwai ƙaramin ciki da ba a faɗa ba. Daga hannun da ta miƙa kuma za ki san wane ne mai gadi. Sau ɗaya tak na ga wata ta ɗauka da hagu. Sai Hajja ta bar gaban matar ta zagaya bayanta ta tsaya, ta naɗa daga can. Na buɗe baki zan yi tambaya, ta ce in rufe shi in buɗe ido. Bayan rasuwarta na yi shekaru ina ba da shayi, ban sake ganin irin wannan ba, don a gidajenmu tun yarinya na rarrafe ake buge hannun. Sannu a hankali shayin ya koma gaisuwa kawai a wurina.

Ni ba mai fita ba ce, kowa ya sani. Biki na gari duka ya wuce ta ɗakin nan, amma kafin abin da zan ba ku labarinsa ban taɓa bin amarya wurin taro ba. Daga tagar katakon nan nake sanin duniya. In mace ta fara hawowa, kafin ta iso na san ko wace ce da takunta.

Sai shekarar rusau ta zo, aka tashi unguwannin da yawancin mutanenmu suke. Wasu suka koma ƙasa, wasu suka watsu can bayan gari inda ban san ko sunan wurin ba. Matakala ta yi shiru. Na jiƙa sitaci ya yi tsami na zubar, na sake jiƙawa na sake zubarwa. A daidai lokacin kuma aka fara kawo laffaya ɗinkakkiya, mai roba a ƙugu, a zura ta kamar buhu. Wata tsohuwar mai zuwa wurina ta ce mini a waya, "Khala, halas, shi ke nan, yanzu an huta da hawa bene." Na ce Allah Ya ƙara hutu. Na riƙa goge dutsen guga kullum da safe don kada ya yi tsatsa, ba don akwai abin gogewa ba.

Ana cikin haka wata safiya na ji taku mai sanda, ana hawa uku a huta. Hajiya Ummu Bakur ce daga unguwar Ruwais, tsohuwa mai zuri'a, wadda in ta ce wance ta iya, gari ya ɗauka, in ta yi shiru a kanki kuma kin mutu. Ta zauna ta huce, ta buɗe wata akwatin ƙarfe. Ciki laffaya ce ta auduga, fara da ta koma ruwan madara, da jan alharini a baki. Ta yi laushi har ana ganin tafin hannu ta cikinta.

"Ta Innata ce," ta ce. "A Sawakin ta ƙasar Sudan ta saye ta, kafin su hau jirgin ruwa. Tun da ta rasu ba a buɗe ba. Jikata Rawan mai sunanta ce, Hadiza sunan yanka. Ita za ta sa ranar wuni. Asabe, ko allura ban yarda ta taɓa ta ba."

Na ce, "Hajiya, ko ƙuda sai ya nemi izini."

"Bar wasa. Ba ni da wata."

Kwana uku na yi a kanta. Ban wanke ba, na fesa ruwan wardi da yatsa, na sa wani ƙyalle a kai na goge da dutse mai ɗumi kaɗan. A nan na lura da wani abu. Duk laffayar da aka daɗe ana sawa tana da inda hammata ta cinye, da inda man kitso ya bar inuwa. Na wannan suna nan, amma da na gwada a jikin tabarma, ba su faɗa inda ya kamata ba. Na juya, na sake juyawa. Na ce wataƙila yayin zamaninsu ne, na bar shi.

Ranar wuni an ce za su zo da hantsi. Ba su zo ba sai bayan azahar, daga wurin kwalliya. Uwar amarya, Samira, surukar Hajiya, haihuwar nan ce, Hausarta rabi Larabci. Tun daga ƙasa nake jin ta.

"Yalla ya Khala, yalla! Mutane sun cika, mota na jira."

Na ce, "A sha shayi tukuna."

"Shayi? Da jan bakin nan? La, la, wallahi babu lokaci."

Tukunyar na kan wuta tana tafasa. Na dube ta, na dubi Samira, na bari. Amaryar ta tsaya, doguwa, idonta a ƙasa. Na naɗa mata yadda na saba, ƙyallen yana ta zame mini kamar ba ya so, na lallashe shi da ƙwallon dabino ɗaya a kafaɗa. Ta yi kyau. Na ce ta manne hannun hagu, ta ce, "Tayyib, Khala." Suka sauka.

Ina tattara zare na ji sun tsaya a hawa na biyu. Akwai wata tsohuwa a nan da ba ta barin amarya ta wuce sai ta ba ta alewa. Sai na ji muryar Samira, ƙasa-ƙasa, ta cikin haƙora:

"Bil yamin, Rawan! Da dama! Sau nawa zan faɗa miki?"

Na tsaya da zare a hannu. Sau nawa. Ba yau aka fara faɗa ba ke nan. Kafin in kai taga, motar ta sha kwana.

Ku gane abin da ke nan. Na ɗora tsaron ƙyallen duka a kan hannun da ba ya iya zama. Yarinya za ta ratsa tsakiyar mata, ga dangin miji, ga guɗa a kunne, ƙawaye na kiran sunanta. Tana manta kanta hannun zai tashi. Yana tashi bakin farko ya fice daga hammata, naɗin ya zube, ta taka shi. Sabon ƙyalle a taka shi a ɗaga. Wannan kuwa sai dai a tsince shi biyu.

Na ɗauki waya na ajiye. In na gaya wa Samira, abu na farko da za ta yi shi ne ta ce a kawo dabbus.

Na zura abaya a kan zanen aiki, da silifas ɗin banɗaki a ƙafata, na sauka. Sale, maƙwabcinmu mutumin Maraɗi mai tasi, yana goge gilashi a bakin lungu. Ya saki tsumman.

"Tanti Asabe a titi? Yau za a yi ruwa a Jidda."

"Ka san inda ake wunin gidan Ummu Bakur?"

"Ni na kai masu abinci. Istiraha ce can arewa, da nisa fa."

"To tuƙa, ka bar surutu."

Istiraha gidan taro ne na haya, mai katanga. Tafiyar ban san tsawonta ba. Na san dai kowace jar fitila ta garin nan ta jira mu. Sale yana ta ba ni labarin hanyoyin da aka sake, ni kuwa ina naɗi a cinyata da hannu wofi, ina ƙoƙarin juya shi, yatsuna suna komawa inda suka saba. Aka kira la'asar muna hanya. Bayan la'asar ake fito da amarya.

A ƙofar mata akwai wata ƙatuwa mai karɓar wayoyi. Ta dubi silifas ɗina.

"Fen al-kart? Ina katin gayyata?"

Na ce, "'Yata, katina yana jikin amarya. In kin tsare ni ya faɗi, ke za ki yi wa Ummu Bakur bayani."

Sunan ya buɗe ƙofa.

Na same su a ɗakin baya. Abin da na ji tsoro ya riga ya fara: jelar ta sauko, gefen hagu ya saki, wata ƙawar amarya ta durƙusa da fil uku a baki, na huɗu a hannu, ta kama alharinin.

"Ajiye!"

Yadda na faɗa, har na bakin suka zubo. Na zagaya ƙyallen da ido. Ba a huda ba tukuna.

Na matsa kusa da yarinyar na ce a hankali, "Rawan, da wane hannu kike taje kai?"

Ta dubi uwarta.

Samira ta ce, "Wace irin tambaya ce wannan? A gidanmu babu bahago. Ki gyara kawai, ya Khala, mutane na jira."

"In na gyara a haka, zai sake zubewa a gaban mutanen."

"To ta riƙe hannunta! Ba yarinya ba ce."

Sanda ta buga ƙasa a bakin ƙofa. Hajiya Ummu Bakur ce, an gaya mata an ga mai naɗi da silifas. Ta dubi fil a ƙasa, ta dube ni, kallon da har yau in na tuna sai in gyara zama. Ban ɓoye ba. Na ce, "Hajiya, laifina ne. Ban ba ta shayi ba. Na naɗa wa bahaguwa naɗin dama."

Samira ta fara, "Ya Ammati, ba haka ba ne, tun tana ƙarama muka..."

"Ke Samira, rufa mana baki. Kin ɗauka ban sani ba? Shekara nawa ina kallonki kina sauya mata cokali in na shigo?" Ta nuna yarinyar da sanda. "Innata, wadda aka sa wa yarinyar nan sunanta, da hagu take tuƙa tuwo. Da hagu ta mare ni, ba sau ɗaya ba. Asabe, za ki iya ko ba za ki iya ba?"

A nan ne cin hammatar nan da inuwar man kitso suka faɗo mini a rai.

Na ce, "A ba ni wuri."

Na warware duka. Na tsaya gabanta, hannuna ya tafi inda ya saba, na dawo da shi. Sai na zagaya bayanta, inda Hajja Amne ta tsaya ran nan. Daga baya, hannun damana ya sami kafaɗar damanta ba tare da na yi tunani ba. Na sa bakin farko a hammatar dama. Wallahi daga nan ban yi wani aiki ba. Ƙyallen da ya wuni yana gardama ya kwanta da kansa, tsohon ninki ya faɗa cikin tsohon ninki, wurin da ya cinye ya shige hammata ya ɓace, inuwar man ta zauna daidai tsakiyar kai. Ko ƙwallon dabinon ban mayar ba.

Na ce, "Ɗaga hannunki."

Ta ɗaga hagu, kaɗan.

"Ɗaga sosai, kamar kina kiran tasi."

Ta ɗaga har sama. Babu abin da ya motsa. Ta yi dariya, karon farko da na ji muryarta sosai, ta ce, "Sitti, shufi!" wato kakarta ta duba.

Tsohuwar ta daɗe tana kallo. Sannan ta gyara riƙon sandarta ta ce, "Haka take tsayawa. Ku fito da ita."

Ban shiga filin ba. Na zauna a ɗakin bayan nan ina tsince fil daga kafet, ina jin guɗa tana tashi tana sauka. Kunnena na jiran irin shirun da kan biyo bayan abin kunya, na san shi, ba ya ɓuya. Bai zo ba. Da aka dawo da laffayar na bi ta kamu-kamu a gaban Hajiya, muka ninke ta tare, ta koma akwatinta yadda ta fito.

Bayan sati biyu matakala ta fara magana. Hajiya ba ta yabe ni a gaban kowa ba, abin da ta riƙa faɗa kawai shi ne, "Asabe ta fita daga gida saboda ƙyallena." Wanda ya san ni ya san girman maganar.

To, kun ji. Ban hana ku kallon waya ba, ku kalla. Amma yarinyar cikin wayar kanta take naɗa wa, ta san hannunta. Ku jikin wasu za ku naɗa, kuma ba kowace uwa ce za ta gaya muku gaskiya ba.

Ga wata can ta fara hawowa, mai takalmi mai tsini, ban san takunta ba. Suwaiba, ɗora tukunya. In ta ce tana sauri, ki ce mun ji. Kuma kada ki miƙa mata a hannu, ajiye shi a tsakiyar tire.